Gina ciki da falo a bayan gida: zai rage wahalar haya ko cunkoso zai ƙara?

Abu_Hanifa_Kn:
Salam 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana cin raina ina so mu tattauna shi da gaske. Duk mai neman gidan haya a Kano yanzu ya san halin da ake ciki, ciki da falo mai banɗaki a ciki sai ka gaji da bin dillalai, in ka samu kuma kuɗin shekara da la'ada kaɗai sun isa su hana ka barci. Samari nawa aka sa wa rana aka ɗaga biki saboda babu inda za a kai amarya? Amma ka shiga Nasarawa GRA ko Bompai ko wasu layukan Tarauni da Hotoro ka leƙa, gida ɗaya ne zaune a kan fili ɗari-ɗari ko fiye, bayansa fayau ba komai sai ciyawa da tsohuwar mota. Ra'ayina shi ne in gwamnati ta sauƙaƙa izini, ta ce duk wanda fili ya rage masa a gida ya gina ɗan ƙaramin sashe mai ƙofarsa daban ya sa ɗan haya, za a samu ɗakuna masu ɗimbin yawa ba tare da an yanka sabuwar unguwa ko ɗaya ba. Titi akwai, turakun wuta akwai, makaranta da kasuwa na kusa. Me ya sa kullum maganin da ake kawo mana shi ne a tafi can bayan gari a gina rukunin gidajen da talaka ba zai iya saya ba? Ina son jin masu ilimin abin da waɗanda suka taɓa yi.

Maman_Ilham:
Wslm. Wlh kamar ka shiga raina. Ƙanina tun bayan sallah yake nema, har yau shiru, lefe a ajiye.

Baba_Dattijo_Yakasai:
Yaro wannan abin da kake kira shawara ai shi muka tashi muka tarar. A cikin gari in ɗa ya isa aure ba a nema masa haya, sai uba ya kira magini a ja katanga a wani lungu na gidan a yanka masa sashe, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida da makewayi, kowa ta soro ɗaya yake shiga. Gidanmu haka aka yi ta yankawa tun zamanin kakanmu har ya zama babu inda za a ƙara ko turken akuya. To ka ga a cikin badala an riga an gama wannan aikin tuntuni, cunkoson ma shi ne ya kori 'ya'yanmu suka koma Rijiyar Zaki da Ɗorayi da Sheka. Inda filin yake shi ne inda ka ambata, su kuma masu waɗannan gidajen ba sa bukatar kuɗin hayarka.

Abu_Hanifa_Kn:
Baba Allah ya ƙara girma, haka ne. Amma ba duk mai gida a GRA ne mai kuɗi ba yanzu. Akwai tsofaffin ma'aikata da suka samu gidajen tun da can, yau fanshon ba ya kai su ƙarshen wata. Akwai matan da mazansu suka rasu suka bar su da ƙaton gida da marayu. Irin waɗannan nake hange.

Bakano_a_LA:
Bari in sa baki don abin da Abu_Hanifa ke faɗa shi ne ainihin abin da aka yi a nan jihar Kalifoniya, kuma a gabanmu aka yi. Suna kiransa ADU, wato ƙarin ɗan gida a cikin filin gidan da ake zaune. Shekara da shekaru yawancin unguwanni dokarsu gida ɗaya iyali ɗaya, in ka nemi ƙara wani abu a baya sai ƙaramar hukuma ta ɗora maka sharuɗɗa har ka haƙura, a ce sai ka samar da wurin ajiye mota, sai ka biya kuɗin haɗa ruwa kamar sabon gida, sai an saurari ra'ayin maƙwabta. A 2016 majalisar jiha ta yi doka ta fara aiki a Janairun 2017, aka ƙara ƙarfafa ta da wasu dokokin a 2019. Abin da suka yi shi ne ƙwace ikon cewa a'a daga hannun ƙananan hukumomi. In takardunka sun cika dole a ba ka amsa cikin kwana 60. Tazarar da za ka bari tsakaninka da katangar gefe da ta baya ƙafa 4 ce kawai. In gidanka bai wuce rabin mil daga tashar bas ko jirgi ba babu mai tilasta maka wurin ajiye mota. Wanda ke tsaye shi kaɗai a bayan gida zai iya kai murabba'in ƙafa 1,200, akwai kuma ƙarami da ake cirewa daga jikin gidan da ba ya wuce 500. Gareji ma mutane suke mayarwa ɗaki da kicin da banɗaki. Kafin dokar izinin da ake bayarwa a shekara bai fi dubu ɗaya da 'yan kai ba a duk jihar, bayan 'yan shekaru ya haura dubu 20. Layin da nake zaune kusan duk bayan gida uku sai ka hango sabon rufi ta saman katanga.

Sadiq_Zaria:
To haya ta sauko a can?

Bakano_a_LA:
@Sadiq_Zaria gaskiya ba ta sauko yadda talaka zai ji a aljihunsa ba, Los Anjelis har yanzu wuta ce. Kuma da yawa waɗanda suka gina ba haya suke bayarwa ba, uwa ko uba suke sakawa, ko ɗa da ya gama jami'a bai da halin kama gida. Amma ni a ganina wannan ma raguwa ce, don wanda ya zauna a bayan gidan iyayensa ya fita daga layin masu neman haya. Babbar matsalar a nan tsada ce, ginin yana cin dala dubu ɗari zuwa sama cikin sauƙi, shi ya sa masu hali suka fi cin moriyar dokar.

Injiniya_Sabo:
Malam Bakano mun gode da bayani, amma akwai bambanci ɗaya babba da ya kamata kowa ya riƙe kafin a ɗauko tsarin can a kawo nan. Su can bayan gida da ruwan wanka duk bututu ne ke kwashe su zuwa matatar gari, ruwan sha ma famfo ne. Ka gina ƙarin ɗaki, ka jona bututu, shi ke nan. Mu nan kowane gida da sokawensa ko shaddarsa, kuma kowane gida da rijiyarsa ko burtsatse. Ka'idar lafiya ita ce a bar aƙalla ƙafa 50 tsakanin rijiya da ramin bayan gida, wasu ma ƙafa 100 suke cewa musamman inda ƙasa ke da yashi. Yanzu ɗauki fuloti hamsin-hamsin na awon igiya, faɗinsa gaba ɗaya ƙafa 50 ne, ga sokawenka ga na maƙwabcin dama ga na hagu ga na baya, ka ƙara iyali na biyu ka haƙa wani ramin, ina rijiyar za ta tsaya? Na sha zuwa aiki in tarar da murfin sokawe da bakin rijiya taku huɗu ne tsakaninsu, in ka buɗe rijiyar da damina wani wari-wari ke tasowa, yara kuma kullum taifot. Don haka ni ina goyon bayan shawarar nan a fili 50 da 100 zuwa sama, ƙasa da haka kuwa a'a, sai dai in za a yi sokawe ɗaya babba mai kyau da aka yi wa filasta ciki da waje a kuma haƙura da rijiyar.

Ummu_Sultan:
Injiniya dan Allah ciki da falo da kicin da banɗaki fili nawa zai ci? Namu 50 da 100 ne kuma akwai kamar ƙafa ashirin da biyar a baya.

Injiniya_Sabo:
Hajiya zai shiga. Ɗaki 12 da 12, falo 12 da 12, sai kicin da banɗaki a jere ta gefe, gaba ɗaya kamar ƙafa 24 da 18. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ta ina ɗan hayar zai shiga. In babu lungu a gefen gidan da ya kai ƙafa huɗu ko biyar da za a fitar masa da ƙofa, to ta tsakar gidanki zai riƙa wucewa. Sannan kar a manna ginin da katangar maƙwabci, a bar tazara don taga da iska da inda ruwan indararo zai sauka. A lissafin bulo kuma ki sa kamar guda 10 a kowace murabba'in mita ta bango, magininki zai gane.

Hajiya_Turai:
To ni nan ne gizo ke saƙar, maganar ƙofa. Ku maza kuna lissafin bulo mu mata mu ne ke wuni a gidan. Mun taɓa sa 'yan haya a boskwatanmu, mata da miji ne da yara biyu, mutanen kirki wlh ban taɓa jin wata mummunar kalma daga bakinsu ba. Amma get ɗaya muke shiga. Tun daga ranar na daina zama a tsakar gidana babu hijabi, 'yan matana ba sa iya fitowa shanya sai sun leƙa, baƙinsa maza su zo da daddare su yi ta buga get sai yarana sun tashi sun buɗe. Sai maganar igiyar shanya, sai wa zai share wajen famfo, sai yaranmu sun yi faɗa iyaye mata mu kwana muna gaisawa sama-sama. Zo mu zauna zo mu saɓa ne kawai. Da shekararsu ta cika muka rabu lafiya, maigidan ya ce ba zai sake ba sai an fasa katanga an fitar da ƙofa ta waje an kuma ja bango tsakani. Duk wadda mijinta zai yi wannan ginin ta tsaya kai da fata a kan ƙofa daban, famfo daban, mita daban.

Maman_Ilham:
Anti Turai mita daban ɗin nan ki ƙara jaddada shi. Rigimar kuɗin wuta ta raba zumunci da yawa, wannan ya ce ai ku ke da firiza, wancan ya ce ai ku ke kunna hita.

Usman_Mararaba:
Ku zo Abuja ku ga inda ake bukatar wannan tsarin da gaske. Ni a Wuse nake aiki amma a Mararaba nake kwana, jihar Nasarawa ke nan, in ban fito kafin a idar da sallar asuba ba to go-sulon Nyanya zai cinye min safiya. Dubban mutane haka, wasu daga Masaka, wasu Suleja, wasu Gwagwalada. Alhali Maitama da Asokoro ga manyan gidaje nan a kulle daga maigadi sai karnuka. Ƙaramin ma'aikacin da ka ga yana zaune a cikin gari to bincika, a boskwatan wani yake. Gwarimpa da Lugbe kusan kowa ya ƙara wani abu a baya. Wato mutane sun riga sun fara da kansu, abin da ya rage kawai tsoron ranar da ma'aikatan kula da tsarin gini za su zo su shafa jan fenti a bango. Da za a fito da ƙa'ida a fili a ce ga girman da aka yarda ga tazara ga kuɗin izini, da kowa ya huta, gwamnati ma ta samu kuɗin shiga.

Barista_Bz:
Bari in ɗan gyara wani abu don na ga kamar ana ɗauka fili naka ne sai yadda ka ga dama. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kai abin da kake da shi haƙƙin zama ne, yawanci na shekara 99, kuma takardar shaidar mallakar tana ɗauke da sharuɗɗa, ciki har da cewa ba za ka yi gini ba sai da amincewar hukuma. A Kano KNUPDA ce ke duba zanen gini, a Kaduna KASUPDA, a Abuja sashen kula da gine-gine. Ƙarin sashe a bayan gida shi ma gini ne, yana bukatar a kai zane a amince. Ba haramun ba ne a doka, ba kamar yadda Bakano ya ce ya kasance a Kalifoniya ba, mu namu matsalar ita ce mutane ba sa zuwa neman izinin kwata-kwata, wasu don gudun kashe kuɗi, wasu don filin nasu ma takardar mai unguwa ce kawai da shaidu. Sannan a kula, ba da haya daban, sayar da sashen daban. In za ka yanke ka sayar sai an raba takarda da yardar gwamna.

Bakano_a_LA:
Barista wannan na sayarwa ma sun taɓo shi a nan. A 2023 aka yi dokar da ta ba birane zaɓin su yarda a sayar da ɗan gidan bayan daban da babban, San Hose ce ta fara karɓa. Wani abin da ya burge ni kuma, birnin Los Anjelis ya fitar da zanuka da aka riga aka tantance, ka zaɓi ɗaya kawai, ba sai an sake bin zanenka layi-layi ba. Wannan kam ban ga abin da zai hana a yi shi a Kano ba, zane uku ko huɗu na ciki da falo da injiniyoyin gwamnati suka sa wa hannu, har da inda sokawe zai zauna.

Injiniya_Sabo:
Wannan shawara ce mai kyau ƙwarai. Rabin ɓarnar da nake gani daga rashin zane take.

Dan_Kurmi:
Duk kuna ta zane da izini, da wane kuɗin za a yi ginin? A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a idonmu, rodi da kwano da katako kowanne ya bi shi, tifar yashi ma ba a magana. Tsohon ma'aikacin da Abu_Hanifa ke tausayi, wanda fansho ba ya isarsa, shi ne zai fitar da miliyoyi ya yi fandisho ya kai linta ya rufa? In ma ya samu ya gina, lissafa shekara nawa zai yi yana karɓar haya kafin kuɗinsa su dawo. Ni ɗan kasuwa ne, in na juya kuɗin nan a shago sun fi min haya riba nesa ba kusa ba.

Abu_Hanifa_Kn:
@Dan_Kurmi ai ba a rana ɗaya ake gini ba, wa ka taɓa gani ya yi? Yau ka buga bulo ɗari biyu ka jingine, wata mai zuwa ka sayi rodi. Kuma abin da ya fi komai tsada a Kano yanzu shi ne filin kansa, shi kuma wannan yana da shi a hannu kyauta. Akwai kuma tsarin da na ga ana yi, mai neman hayar ne ke kawo kuɗi a ƙarasa ginin a riƙa cirewa a kuɗin hayarsa.

Barista_Bz:
Wannan tsarin na a gina a ci a haya, dan Allah duk mai yi ya rubuta, da shaidu, da rasit na kowane buhun siminti. Shari'o'in da ke tasowa daga nan ba kaɗan ba ne, musamman in mai gidan ya rasu magada suka ce su ba su san zancen ba.

Malama_Safiya_GGSS:
Mu ma'aikata ana cire mana kashi 2.5 na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa, dokar tun 1992 take, kuma bashin bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya ruwansa kashi 6 ne. Me zai hana a buɗe wani sashe na musamman a ce ga rance don ƙara ɗaki a gidan da kake ciki? Ya fi sauƙi a kan a ce malamin makaranta ya sayi gida sukutum. Kodayake ni matsalata da shi ruwan ne, da za a yi shi ta tsarin bankin Musulunci da na fi kowa murna.

Dan_Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Ina karanta ku tun sama, ina so in ja kunnenku da abin da ya same mu. Mu a zango, Kumasi ko Nima a Ankara babban birnin ƙasar, gidan haɗaka muka sani, ɗakuna zagaye da tsakar gida kowane ɗaki da iyalinsa. Da mutane suka yi yawa haya ta yi daraja, masu gida suka shiga ƙara ɗaki a duk inda suka ga sarari, aka cinye tsakar gida, aka cinye kicin, wasu har banɗakin gidan suka rushe suka mayar ɗakin haya. Sakamakon shi ne gida mai mutum talatin babu bayan gida ko ɗaya, da asuba ka ga layi a banɗakin gwamnati, tsoho da yaro da mai ciki kowa riƙe da kuɗinsa a hannu. Yanzu hukuma ke bin masu gida tana cewa dole su gina banɗaki. Kuma duk da yawan ɗakunan haya ba ta yi sauƙi ba, dokar haya ta 1963 ta ce kar a karɓi fiye da na wata shida a gaba amma shekara biyu ake nema ka biya. Don haka in za ku yi, sharaɗi na farko kowane sashe da banɗakinsa, in babu to kar a ba da izini.

Injiniya_Sabo:
Allah ya saka da alheri ɗan uwa. Abin da nake ta faɗa ke nan tun ɗazu.

Damagaram_77:
A Yamai ma haka ne, masu fili suna jera ƙananan ɗakuna a kewaye ɗaya suna ba ma'aikata da ɗalibai, samari marasa aure nan suke samun wuri. Amma mu abin da ya fi damunmu ruwan sama ne. Duk wanda ya ƙara gini sai ya zuba siminti a sauran filin, ruwa ba ya samun inda zai nutse sai ya fito titi, unguwar da ba ta san ambaliya ba ta fara sani. A bar ko ɗan wuri na ƙasa da bishiya ɗaya a gida.

Sadiq_Zaria:
Tunda an ambaci marasa aure bari in faɗi abin da ke raina. Ko an gina ɗakunan nan dubu ɗari, ni tuzuru ba za a ba ni ba. Kana zuwa tambayar farko kana da iyali? Ka ce a'a, sai dillali ya ce mai gidan ya ce ban da gwauro. Ka ce to ai don in yi auren nake neman ɗakin, a ce ka dawo bayan ɗaurin aure. Gidan yarinya kuma sun ce ba za su sa rana ba sai sun ga muhalli. Ina za mu sa kanmu?

Zainab_Nas:
Sadiq kai naka da sauƙi. Gwada zama bazawara mai aikin asibiti da ke dawowa daga dutin dare. Ni da yarana biyu sai da yayana ya zo ya tsaya a matsayin shi ne mai kama gidan kafin aka ba mu. Kuma gaskiya irin sashen bayan gidan nan shi ya fi dacewa da irinmu, kana cikin mutane, akwai tsaro, in yaro ya yi zazzaɓi da dare akwai wanda za ka buga wa ƙofa. Wata dattijuwa nake zaune a gidanta yanzu, ranar da nake dutin dare yarana a ɗakinta suke kwana, ita kuma ni ke duba mata hawan jininta. Ba kowane zaman haya ne rigima ba Anti Turai.

Hajiya_Turai:
Haka ne ƙanwata, Allah ya bar ku tare. Ke kin dace da gidan da babu namiji baligi, shi ya sa. Ni ma da mace irinki ce da ban sha wahalar da na sha ba.

Malam_Abdul_Fiqhu:
Assalamu alaikum. Ina so in ƙara ɓangaren haƙƙin maƙwabtaka don malamanmu na Malikiyya sun yi bayaninsa sosai a babin gini. Asali mutum yana da ikon yin abin da ya so a mulkinsa matuƙar bai cutar da wani ba, saboda hadisin la darara wa la dirar, wato ba cuta ba cutarwa. Daga cikin cutarwar da suka ambata akwai buɗe taga da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci, da sako masa ruwan indararo, da haƙa masai a jikin bangonsa har danshi ya ci ginin. Duk waɗannan alƙali na iya sa a toshe ko a gusar. A ɗaya ɓangaren kuma akwai hadisin Abu Huraira da ke cewa kada ɗayanku ya hana maƙwabcinsa kafa itace a bangonsa, wato shi ma maƙwabci kada ya zama mai ƙyashi. Sai maganar gado, wadda ita ce ta fi yawan kawo ɓacin rai. Uba ya ce wa ɗansa gina a bayan gida ka zauna, ɗan ya kashe kuɗinsa, uban ya rasu, shin filin kyauta aka ba shi ko aro? In kyauta ce ya karɓa ya mallaka tun uban na da rai da lafiya, nasa ne. In ba a fayyace ba sai 'yan uwa su ce a sa a cikin gado. A kira shaidu a rubuta tun ana raye, kuma uba ya yi adalci tsakanin 'ya'yansa har da mata.

Baba_Dattijo_Yakasai:
Malam ka taɓo inda yake ciwo. Gidaje nawa a cikin gari aka sayar aka raba kuɗin saboda an kasa daidaitawa a kan sashen wane da sashen wane, zuri'a ta watse kowa ya koma haya.

Kwankwason_Gaske:
Ai da an ci gaba da irin aikin rukunan gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da duk wannan surutun bai taso ba.

Admin_Garba:
Jama'a dan Allah ban da siyasa, mun san inda take kai mu. A tsaya a kan batun gini.

Abu_Hanifa_Kn:
Ba siyasa zan yi ba admin, amma amsar tana da alaƙa da batun. Waɗannan rukunan gidaje ne masu kyau, sai dai mai neman ciki da falo ba shi ne mai sayensu ba, kuma mai sana'a a Kantin Kwari ko Sabon Gari kuɗin mota kaɗai zai cinye shi. Gwamnati ba za ta taɓa gina wa kowa ba. Ni na karɓi gyaran Injiniya, a ce daga 50 da 100 zuwa sama. Na karɓi na Dan_Zango, banɗaki dole. Na Hajiya Turai ma, ƙofa daban. Amma har yanzu ban ga wanda ya kawo dalilin da zai sa a bar waɗancan manyan filayen a zaune ba.

Dan_Kurmi:
Dalilin shi ne masu su ba sa so, kuma ba za ka tilasta musu ba. Wanda ya ga dama ma ba ciki da falo zai yi ba, rushe gidan zai yi gaba ɗaya ya jera shaguna ko ya yi gidaje shida masu tsada, ka duba abin da ke faruwa a titunan GRA ɗin yanzu. Inda za a yi naka tsarin shi ne unguwannin masu ƙaramin ƙarfi, inda Injiniya ya ce bai dace ba.

Injiniya_Sabo:
Ban ce duka ba. Akwai unguwanni masu awon gwamnati da yawa da fulotansu 50 da 100 ne ko 75 da 100, masu su kuma matsakaita ne, nan ne abin zai yi aiki. Abin da nake tsoro shi ne wanda ba shi da fili a baya ya ce bari ya hau sama, ya zuba dekin a kan fandishon da aka yi don gida mai hawa ɗaya, babu ginshiƙi babu komai. Kar wanda ya yi haka sai injiniya ya tona ya duba fandishon.

Ummu_Sultan:
Na auna lungun gefen namu da yamman nan, ƙafa uku da rabi ne, kuma nan ne bututun banɗakinmu ya bi. Injiniya hakan zai yiwu a fitar da ƙofa ko sai dai ta baya? Bayan namu wani lungu ne da ba a cika bi ba, ban sani ba ko mai unguwa zai yarda a buɗe ƙofa ta can.

Injiniya_Sabo:
Uku da rabi mutum zai wuce amma gado da kujeru za su ba da wahala, babur ma da ƙyar. Bututun ana iya binne shi a zuba silab a kai. In lungun bayan hanya ce ta jama'a a taswirar unguwar to ta can ya fi, amma ki sa maigidan ya duba taswirar tukuna ya kuma yi magana da maƙwabtan da ƙofar za ta kalla kafin a fasa katanga. Ki turo min hoton wajen da awon ta inbox in duba inda sokawenku yake.

Zainab_Nas:
Hajiya Ummu_Sultan in kun gama dan Allah a tuna da irinmu, akwai abokiyar aikina da ke nema ita da mahaifiyarta. Wace unguwa ce?